Littattafai Huɗu Kan Rayuwar Mahaƙa: Wanne Ya Kamata Ka Fara Saya?

Kwanakin baya wata ƙanwata da ke koyar da adabi a makarantar sakandare ta turo mini sunayen littattafai huɗu. Ta ce, Yaya, kuɗin da ke hannuna na guda ɗaya ne, hutun kuma mako uku ne, ka zaɓa mini. Dukansu a kan mutane iri ɗaya suke magana, wato masu shiga ƙarƙashin ƙasa su haƙo arzikin da wasu za su ci, su kuwa su fito da tari da bashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Littattafan su ne Germinal na Émile Zola, wanda ya fito a Faransa a 1885. The Road to Wigan Pier na George Orwell, Ingila, 1937. How Green Was My Valley na Richard Llewellyn, 1939, wanda labarinsa ya faru a yankin Wales. Sai Mine Boy na Peter Abrahams, ɗan Afirka ta Kudu, 1946. Amsar da na ba ta ita ce na faɗaɗa a nan, don na san ba ita kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba.

Ma'aunin da na ɗauka

Abu na farko da nake dubawa shi ne inda marubucin ya tsaya lokacin da yake ba da labarin. A cikin ramin yake, ko a bakinsa, ko daga nesa yake hange? Na biyu, shin littafin ya nuna yadda talaucin yake aiki, ko kuwa ya tsaya ne a cewa akwai shi? Kowa zai iya rubuta cewa yara sun kwana da yunwa. Mai wuyar shi ne a nuna maka lissafin: nawa aka biya, nawa aka yanke, wa ake bi bashi, wa ke cin riba. A wurina wannan ma'aunin ya fi sauran nauyi. Daga nan sai sauƙin karatu ga wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, sai kuɗi da samuwa, sai ƙarko, wato ko littafin zai zauna a ranka bayan shekara goma. Na ƙarshe shi ne haɗari: abin da zai iya ba ka kunya in ka miƙa wa ɗalibi, ko ya yaudare ka in ka ɗauke shi a matsayin tarihi.

Germinal

Zola ba mahaƙi ba ne, marubuci ne mazaunin Faris. Amma a watan Fabrairun 1884, lokacin da mahaƙan kwal na Anzin a arewacin Faransa suke yajin aiki, ya tafi can, ya shiga gidajensu da mashayarsu, ya kuma sauka cikin rami da kansa. Gani ya kori ji, kuma ana jin haka a kowane shafi. Labarin ya fara ne da wani saurayi, Étienne Lantier, wanda aka kora daga aikin jirgin ƙasa saboda ya mari ubangidansa. Ya iso garin Montsou cikin dare da sanyi, ba aiki ba abinci, ya tarar da ramin da ake kira Le Voreux yana haɗiye mutane ɗari-ɗari kafin gari ya waye.

Inda littafin nan ya yi wa sauran fintinkau shi ne lissafi. Gidan Maheu, ɗaya daga cikin iyalan mahaƙan garin, mutum goma ne. Biyar ke aiki a mahaƙar: uban, kakan, da yara uku, ciki har da Catherine mai shekara 15. In an cire ranakun da ba aiki, abin da suke samu gaba ɗaya bai wuce faran 9 a rana ba. Kafin ranar biya ta zagayo burodi ya ƙare, sai uwar gida ta nufi kantin Maigrat neman bashi, shi kuwa an san da abin da yake karɓa a wurin matan mahaƙa da 'ya'yansu in kuɗi ya gagara. Da ya hana ta, sai ta ja yara biyu cikin taɓo zuwa gidan Grégoire, masu hannun jari a kamfanin, waɗanda ba su taɓa ɗaga diga ba, amma hannun jarin da suka gada yana kawo musu wajen faran 40,000 a shekara. Mutanen kirki ne a ganin kansu. Suka ba ta tsofaffin tufafi, suka hana ta kuɗi, wai talaka in ya samu kuɗi giya zai sha. Zola bai mai da su azzalumai masu ƙaho ba, kuma wannan ne ya sa wurin ya fi ciwo.

Dalilin yajin aikin da mahaƙan cikin labarin suka shiga ma a fili yake. Ana biyan mahaƙi ne bisa yawan kwal ɗin da ya fitar, don haka duk lokacin da ya ɓata wajen tokare rufin rami da katako, asararsa ce. Sai ya yi tokarar sama-sama, kamfani ya ci shi tara. Daga baya kamfani ya ce zai riƙa biyan kuɗin tokara daban, amma ya rage kuɗin kowace kura ta kwal. A takarda kamar ba a taɓa komai ba, a aljihu kuwa an zabge albashi. Duk wanda ya taɓa yin aikin jinga zai gane wannan dabara tun kafin a gama bayaninta.

Akwai abubuwan da ba sa fita daga rai. Tsoho Bonnemort da ya shekara 50 yana wa kamfani aiki, in ya yi kaki baƙi ƙirin yake fita. Dokin nan Bataille da ya shekara goma a ƙarƙashin ƙasa bai ga rana ba. Sai ranar da sojoji suka buɗe wa masu yajin aiki wuta a bakin rami. Ɗan Najeriya ba zai karanta wannan babi bai tuna da Iva Valley ta Inugu ba, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙan kwal 21 ranar 18 ga Nuwamban 1949. Da Zola ya mutu a 1902, mutane sun raka gawarsa suna kiran sunan littafin nan.

To amma doguwar tafiya ce, shafi 500 da ɗoriya, kashi bakwai. Sunayen Faransanci suna da yawa, farkon kuma yana tafiya a hankali. Ta fuskar kuɗi ba shi da na biyu, domin haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai masu jin Faransanci za su sauke asalinsa kyauta a intanet, su sha daga tushe. Mai Turanci zai samu tsohuwar fassarar Havelock Ellis ta 1894 kyauta, sai dai Turancinta na da ne. In da hali, fassarar Roger Pearson ta kamfanin Penguin ko ta Peter Collier ta Oxford sun fi santsi. Haɗarinsa a bayyane yake: Zola ba ya sakaya zance. Akwai saduwar maza da mata a fili, akwai dukan mata, akwai abin da matan gari suka yi wa gawar mai kanti wanda ba zan iya rubutawa a nan ba. Ba littafin da za ka ajiye a falo yaro ya ɗauka ba ne.

The Road to Wigan Pier

Wannan ba ƙagaggen labari ba ne, rahoto ne. A farkon 1936 mawallafi Victor Gollancz ya tura Orwell arewacin Ingila ya ga yadda marasa aiki ke rayuwa. Ya yi wata biyu tsakanin Wigan da Barnsley da Sheffield, ya kwana a gidajen haya, ya shiga rami, ya dawo da littafin rubutu cike da alƙaluma.

Baƙo ne, kuma bai ɓoye ba. Dogon mutum ne, don haka tafiyar duƙe a ƙarƙashin ƙasa ta kusa karya shi, ya kwana biyu ƙafafunsa a sage. A nan ya gano abin da mutanen sama ba su sani ba: bayan an sauka, mahaƙi sai ya yi tafiyar mil ɗaya, wani wurin har uku, a sunkuye, kafin ya isa inda zai fara sara. Wannan tafiya ba a lissafa ta cikin awa bakwai da rabi na aiki, ba a kuma biyan ko sisi a kanta. Ya karɓi takardun albashin mahaƙa ya bi su layi-layi, ya nuna kuɗin hayar fitila da sauran yanke-yanken da ake yi kafin kuɗi ya shiga hannu. Ya kawo cewa a 1934 matsakaicin abin da mahaƙi ya samu a shekara bai wuce fam 115 da 'yan sulalla ba. Ya lissafa gidaje ɗaya bayan ɗaya: ɗaki nawa, mutum nawa, ina ke yoyo, bayan gida na nesa da yadi nawa.

Wurin da na fi so shi ne inda ya amsa wa masu cewa me ya sa talaka ba zai sayi abinci mai gina jiki da ɗan kuɗinsa ba, sai farin burodi da shayi mai sukari. Ya ce mai wadata ne ke iya haƙuri da abinci marar daɗi don lafiya. Wanda rayuwa ta matse, ɗan abin da zai ji daɗi a bakinsa yake nema. Na sha tuna wannan magana in na ji ana yi wa masu ƙaramin ƙarfi wa'azin tattali.

Turancinsa miƙaƙƙe ne, shafukan ba su fi 200 da 'yan kai ba. Orwell ya rasu a 1950, don haka a ƙasashen da haƙƙin mallaka ke ƙarewa bayan shekara 70 da mutuwar marubuci, irin Najeriya da Birtaniya, littafin ya zama na kowa, bugunsa masu araha sun yawaita. Matsalarsa kashi na biyu ne. Babi bakwai na farko zinariya ne. Shida na ƙarshe kuwa muhawara ce a kan gurguzu da bambancin aji a Ingila ta wancan zamani, har da zagin 'yan gurguzun da ba su yi masa ba. Shi kansa Gollancz sai da ya rubuta gabatarwa yana nesanta kansa da wannan ɓangare. Wanda ya gama kashi na farko ya rufe bai yi asara ba. Wani gibin kuma: ba za ka shaƙu da kowa ba. Za ka san nawa iyali ke kashewa a mako, amma ba za ka san abin da matar gidan ke tunani in ta kwanta ba.

How Green Was My Valley

Wannan shi ne mafi daɗin karatu a cikin huɗun, shi ne kuma wanda na fi yi wa kallon tsanaki. Huw Morgan ne ke ba da labari bayan ya manyanta, yana shirin barin kwarin da aka haife shi, yana tuna gidansu. Ranar biya uwarsu kan zauna a bakin ƙofa ta baza zanenta, maigida da 'ya'yansa maza su zo ɗaya bayan ɗaya suna zuba mata kuɗin da suka samo. Ga waƙa, ga coci, ga girmama uba. Sannu a hankali albashi ya fara raguwa, 'ya'yan suka ce sai an kafa ƙungiyar ƙwadago, uban ya ce bai yarda ba, gida ya rabu. A bayan gari kuma tulin dattin kwal yana ta girma yana matsowa, har ya kai ga jingina da bangon gidan. Wannan hoton ya zama abin tsoro daga baya, domin ranar 21 ga Oktoban 1966 irin wannan tuli ya zaftaro a ƙauyen Aberfan na Wales ya binne makaranta, mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara.

Bahaushe zai ji wannan gida kamar ya san shi: uba mai faɗa a ji, uwa mai riƙe da tukunya da asusu, saɓanin dattijo da samari. Sai dai talaucin an lulluɓe shi da begen zamanin da ya wuce, har yunwar ma tana fitowa da ƙamshi. Llewellyn ya riƙa cewa a Wales aka haife shi, amma bayan mutuwarsa a 1983 aka tabbatar a Hendon ta Landan ne, kuma abin da ya sani na mahaƙa daga hira da iyalan garin Gilfach Goch ya samo. Wannan bai hana littafin kyau ba, amma mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo. Kada ka kafa hujjar tarihi da shi. Ya haura shafi 400, an kuma gina Turancinsa a kan salon maganar mutanen Wales, wanda zai ɗan ba ka wuya a farko kafin kunne ya saba. Har yanzu yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka, sai ka saya, kuma a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai sai an dace. Fim ɗinsa na 1941 ya ci kyautar Oscar, amma ya bar abubuwa da yawa.

Mine Boy

An haifi Abrahams a 1919 a unguwar talakawa ta Vrededorp a Johannesburg, mahaifinsa ɗan Habasha ne da ya yi aiki a mahaƙa. Unguwar da yake siffantawa tasa ce. Xuma ya zo daga ƙauye a arewa neman aiki a ramin zinariya, ya sauka a Malay Camp a gidan Leah, mai sayar da giyar da doka ta hana baƙar fata sayarwa, wadda ke sayen labarin samamen 'yan sanda kafin su zo. Ga Eliza, malamar makaranta da boko ya sa ta son rayuwar Turawa, alhali ta san ba za a bar ta ta samu ba. Ga Paddy, Baturen da Xuma ke aiki a ƙarƙashinsa, wanda ke son su yi abota, Xuma kuwa ya kasa ganin yadda hakan zai yiwu.

Abin da wannan littafi ke da shi wanda sauran ba su da shi shi ne launin fata. Mahaƙin Faransa da na Wales talakawa ne a ƙasarsu. Xuma talaka ne da sai ya nuna takardar izini kafin ya taka titi a ƙasar kakanninsa. Akwai wurin da ya tarar da wani lebura yana tarin jini yana ɓoyewa, don kada a sallame shi kafin ya haɗa kuɗin biyan bashin da ake bin sa a gida. Littafin ya fito shekara biyu kafin a kafa mulkin wariya a hukumance a 1948, a shekarar da dubban mahaƙa baƙar fata suka yi babban yajin aiki a watan Agusta aka murƙushe su. Kuma bai tsufa ba: a 2012 'yan sanda sun harbe mahaƙa 34 a Marikana. Wanda kakansa ya ba shi labarin aikin tilas na haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu zai fi kowa gane halin mutumin da aka rabo da gonarsa aka kai shi rami.

Shi ne mafi sauƙi. Bai kai shafi 200 ba, jimlolinsa gajeru, ɗalibin babbar sakandare zai gama shi a kwana uku. Kamfanin Heinemann ya saka shi a jerin littattafan marubutan Afirka a 1963, makarantunmu kuma sun daɗe suna koyar da shi, don haka shi ne wanda ka fi yiwuwar samu a kasuwa a farashin da ba zai tayar da hankali ba. Ka dai duba da kyau, bugun jabu ya yi yawa: rubutu dishi-dishi, shafuka a hargitse, bango ya rabu kafin zangon karatu ya ƙare. Rauninsa biyu. Sunansa na rami ne, amma yawancin labarin a unguwa yake, ba za ka fito ka san yadda ake lissafin albashi ba. Ƙarshensa kuma ya zo da gaggawa, sauyin da Xuma ya yi ya fi kama da fatan marubucin. Akwai giya da zaman daduro a ciki, amma an faɗe su da kunya.

A taƙaice

| Ma'auni | Germinal | Wigan Pier | How Green | Mine Boy |
|---|---|---|---|---|
| Shekara da wuri | 1885, Faransa | 1937, Ingila | 1939, Wales | 1946, Afirka ta Kudu |
| Iri | Ƙagaggen labari | Rahoto | Ƙagaggen labari | Ƙagaggen labari |
| Tsawo | Shafi 500 da ɗoriya | Kimanin 200 | Fiye da 400 | Ƙasa da 200 |
| Lissafin talauci | Cikakke | Cikakke, da alƙaluma | Sama-sama | Matsakaici |
| Sauƙi | Sai da haƙuri | Kashi na farko da sauƙi | Matsakaici | Mafi sauƙi |
| Kuɗi | Kyauta a intanet | Araha | Sai an saya, samu da wuya | Araha, an fi samu |
| Ƙarko | Ba ya fita rai | Rabinsa ya tsufa | Daɗinsa na zama | Bai tsufa ba |
| Haɗari | Batsa da zubar da jini | Muhawara mai gundura | Ƙawata baya | Bugun jabu |

Wa zai ɗauki wanne

Na ce wa ƙanwata ta ɗauki Mine Boy, domin aji za ta shiga da shi, mako uku gare ta, kuma ba ta son wani uba ya zo ofishin shugaban makaranta riƙe da shafi a buɗe. Haka zan ce wa duk wanda bai saba da dogon karatu da Turanci ba.

Ɗan jarida, ko ma'aikacin ƙungiyar ƙwadago, ko ɗalibin da zai rubuta kundi a kan masu haƙar zinariya a ƙauyukanmu, ya nemi Wigan Pier ya karanta babi bakwai na farko da biro a hannu. Zai koyi irin tambayoyin da ake yi in an shiga gidan talaka, da yadda ake karanta takardar albashi.

Wanda ke neman labarin iyali da zai riƙa bi da dare, babi ɗaya kafin barci, How Green Was My Valley ne nasa, muddin ya riƙe a ransa cewa tuna baya yake karantawa.

Babban mutum kuwa mai lokaci da ƙarfin zuciya, ko marubucin da ke son ganin yadda ake ɗaukar gari guda a saka shi cikin littafi, tun daga mai kanti har mai hannun jari, Germinal zai nema. In yana jin Faransanci, ya karanta asalinsa. In Turanci ne, ya gwada babi biyu na fassarar kyauta a waya, in labarin ya kama shi sai ya sayi ta Pearson ko ta Collier.